ZAURE DA TURKE: Tsarin Wuraren Ajiye Motoci da Maganin Ɓarna a Cikin Birnin Kano



Wataƙila wasu su ga abin da aka ba ni in yi magana a kansa bai kai a tara jama'a a ɗakin lacca na jami'a dominsa ba. Wurin ajiye mota dai fili ne: mutum ya shigo, ya kashe inji, ya kulle, ya tafi sha'aninsa. To, amma wanda ya taɓa fitowa daga masallaci ya tarar da inda ya kafe babur ɗinsa wayam, ko ya fito daga kasuwa ya tarar an ɓalle ƙofar motarsa an ɗauke jakar da ya karɓo kuɗi a banki, ba zai ce maganar ƙarama ce ba. Kanawa kuma ba su manta da ranar 18 ga Maris, 2013 ba, sa'ad da aka shigar da mota ɗauke da bam cikin tashar manyan motocin fasinja ta Sabon Gari, fiye da mutum 20 suka rasa rayukansu.

Ra'ayin da nake so in kafa shi ne, yawancin ɓarnar da za a yi a wurin ajiye mota, tun ran da aka auna filin aka aza tubalin farko ake buɗe mata hanya ko a toshe ta, kafin a kai ga ɗaukar mai gadi. Kana kuma ina so in nuna cewa ilmin toshe wannan hanya ba baƙo ba ne a birnin Kano. Yana nan cikin ginin gidajenmu da ƙofofinmu tun kafin a ƙera mota.

BIRNIN DA BA A GINA DON MOTA BA

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Duk abin da aka gina a tsakanin waɗannan bangaye, da faɗin jaki mai mangala aka auna shi, da tsawon mahayin doki. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, mota kuwa ba ta zama abin da ma'aikaci da ɗan kasuwa matsakaici ke mallaka ba sai zamanin kuɗin mai, wato shekarun 1970. An yi ƙoƙarin yi mata hanya. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero an huda Sabuwar Ƙofa, an kuma yanka tituna daga ƙofofi zuwa fada da kasuwa. Daga baya aka yi tsarin raya birni na shekara 20, na 1963 zuwa 1983, wanda Trevallion ya rubuta. A zamaninmu kuma ga gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da 'yan'uwanta. Amma duk wannan hidima ta motar da ke tafiya ce. Motar da ke tsaye ba a cika tunawa da ita ba, alhali kuwa kowace mota tsayuwarta ta fi tafiyarta yawa nesa ba kusa ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. Gurbin ƙaramar mota guda, bisa ga awon da aka saba, mita 2.4 ne a faɗi, mita 4.8 a tsawo. Tsakanin sahu da sahu kuma ana bukatar hanya mai faɗin mita 6 domin shiga da juyawa. In an haɗa gurbin da rabonsa na hanya, kowace mota tana cin kimanin murabba'in mita 25. Ɗakin kwana mai ƙafa 12 kowane gefe bai wuce murabba'in mita 13 da 'yan kai ba. Ashe ke nan mota guda tana neman wurin da ya kusa kai ɗaki biyu, a unguwannin da ake cunkushe iyali guda a ɗaki ɗaya.

Sakamakon haka kowa ya san shi. Mutumin Yakasai ko Mandawari ko Sheshe ko Koki wanda gidansa ke can cikin lungu, motarsa ba ta kwana inda yake kwana. Tana bakin titi, ko gidan mai, ko filin makaranta, ko gindin badala, ko kan wani kududdufi da aka cike da shara. A nan asalin matsalar yake: an raba dukiya da idon mai ita.

ABIN DA MASANA NA WAJE SUKA GANO

A 1961 wata marubuciya a birnin Niyok na Amurka, Jane Jacobs, ta fitar da littafi kan manyan biranen ƙasar, inda ta ce abin da ke tsare titi ba ɗan sanda ba ne da farko, idanun mazauna ne da na masu kantuna waɗanda ke kallonsa ba tare da an sa su ba. Shekara goma bayan haka, a 1971, wani masanin halayyar masu laifi, Ray Jeffery, ya raɗa wa fannin suna, wato hana laifi ta hanyar tsara muhalli. A 1972 kuma wani masanin zanen gine-gine, Oscar Newman, ya nazarci dogayen benayen da gwamnati ta gina wa talakawa, ya ga cewa matakala ko farfajiyar da iyali ɗari suke tarayya a kanta ba ta da mai ita, amma wadda iyali kaɗan suke tarayya a kanta kowa ya san wanda ya kamata ya gani a wurin, baƙon ido kuma ba ya ɓuya.

Wanda ya fi sauƙin riƙewa shi ne bayanin Cohen da Felson na 1979. Suka ce laifi ba ya aukuwa sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya, lokaci ɗaya: mai niyya, da abin ɗauka, da rashin mai tsawatarwa. Mai zanen gini ba shi da iko a kan zuciyar ɓarawo. Wannan aikin iyaye ne da malamai da alƙalai. Ba zai kuma kawar da motar ba, tun da dominta aka yi filin. Abin da ke hannunsa shi ne na ukun. Bahaushe ya riga ya faɗi haka a taƙaice, da ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wani misali daga Ingila da nake so ku riƙe, domin za mu dawo kansa. A garin Dover akwai wani benen ajiye motoci da ɓarayi da maɓarnata suka addaba a shekarun 1980. Hukumar garin ta toshe ramukan da ke jikin bangon hawan ƙasa da ragar waya, domin ta nan samari ke tsallakowa. Ta mai da ƙofar masu tafiya da ƙafa ta fita kaɗai, mai rufe kanta. Ta ƙara fitilu a bakin shiga. Sa'an nan ta gina ɗan ofis a bakin babbar ƙofa ta ba kamfanin tasi haya, domin direbobin tasi ba sa rabuwa da wurin dare da rana. Mai bincike Barry Poyner ya bi lissafin abin da ya biyo baya, ya tarar satar motoci ta ragu ƙwarai. Ku lura, ba a ɗauki direbobin tasin nan aikin gadi ba. Zaunar da su kawai aka yi inda idonsu zai yi amfani.

INDA BIRNIN KANO YA SHA BAMBAN

Kuskure ne ɗalibi ya kwaso waɗannan littattafai ya juye a kan Kano yadda suke. Idanun da Jacobs take magana a kansu, ta tagogin benaye suke leƙen titi. Gidan Bahaushe kuwa baya yake juya wa titi. Bangonsa na waje ba shi da taga, in ma akwai to 'yar ƙarama ce can sama, domin sutura da kunya su ne ginshiƙin ginin. Wanda ya yi filin ajiye mota a bayan gidaje goma na cikin birni yana zaton gidajen za su tsare masa, to bangaye goma ya samu, ba ido ko ɗaya.

Idon unguwa a wurinmu wani waje yake: yana zaure, wanda Kanawa suka fi kira soro, yana kan dakali, yana majalisar dattawa ta bayan la'asar, yana makarantar allo, yana teburin mai shayi. Ku dubi yadda aka tsara gidan mai doki a dā. Ƙofa ɗaya ce, ita ce ta zaure. Maigida yana zaune a ciki da baƙinsa, ko masaƙi da aikinsa, ko malami da almajiransa. Bayan zaure sai farfajiya, a nan turken doki yake, kana a kai ga shigifa da cikin gida. Wanda zai kwance dokin nan tilas ya ratsa ta gaban mutanen da suka san dokin, suka san mai shi, suka kuma san cewa shi ba ɗan gidan ba ne. Ba a rubuta doka a jikin bango ba. Ginin da kansa ne dokar.

Birnin ma kansa haka yake, gida ne babba mai zaure da yawa. A dā, kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa, wanda ke zaune kusa da ita, yana sane da mai shiga da mai fita, yana rufe ta da dare. Ayarin raƙuma kuwa yakan sauka a Fagge, bayan ganuwa. Fataken da suka shigo ciki suna da masauki da fatoma wanda zai karɓi amanar kayansu da dabbobinsu. Sunayen unguwanni irin su Zango da Alfindiki, wanda ake cewa daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya samo asali, suna tuna mana da wannan. Ba a taɓa barin abin hawa a wurin da ba shi da mai amsa tambaya ba.

Saboda haka in za a yi wurin ajiye mota a cikin birni, a fara tambayar ina zaurensa. A nan ne nake da ja da wata al'ada ta ma'aikatanmu. Da zarar an ce za a gyara wuri, abin da ake fara yi shi ne korar mai shayi, da mai faci, da mai tsire, da yara masu wankin mota, da sunan tsabta. In an gama, sai a sami fili fes, mai kyan hoto, wanda ba mai sha'awar tsayawa cikinsa bayan magariba sai wanda bai kamata ya tsaya ba. Waɗannan mutanen su ne direbobin tasin Dover namu. Ban ce a bar su barkatai ba, domin gaskiya ne cewa a cikin masu yawo tsakanin motoci ne ɓarawo ke sa ɗan rahotonsa. Abin da ya kamata shi ne a gina musu rumfuna tabbatattu a jikin iyakar filin, fuskarsu na duban motoci, a ba mutanen da mai unguwa ya san su ya san iyayensu. A kuma lura da lokutansu: tela da mai faci na rana ne, mai tsire na yamma, mai shayi na asuba da dare. In an haɗa su daidai, aka sa ɗan masallaci a gefe, sa'o'in da za a bar wa mai gadi shi kaɗai ba su da yawa. Tsoro na daji, kunya na gida. Yaron unguwa ba zai kwance batir a gaban wanda zai gaisa da ubansa gobe da safe ba.

Wannan dalili ne kuma ya sa na fi son ƙananan filaye na unguwa, masu ɗaukar mota 20 ko 30, a kan babban fili guda. Hekta ɗaya tana ɗaukar mota wajen 400, amma ba mai gadin da zai haddace fuska 400.

KATANGA, ƘOFA DA HASKE

Abin da mai kuɗi ke fara yi in ya ji tsoro shi ne ɗaga katanga, ya dasa kwalabe a kanta. Doguwar katanga tana da amfani a gida, inda akwai mutane a ciki. A wurin ajiye mota kuwa, takan jinkirta ɓarawo na minti ɗaya, sa'an nan ta suturta shi na sa'a guda. Da ya dira ciki ya shiga inuwarta, mai wucewa a titi ba ya ganinsa, ba kuwa zai ga matar da aka tare a bakin motarta ana ƙwace mata waya ba. Abin da ya fi shi ne gajeren gini, kamar mita ɗaya, a ɗora masa sandunan ƙarfe a tsaye har ya wuce tsawon mutum. Ido ya wuce, jiki kada ya wuce. Kada a sa sandunan a kwance, domin tsani ke nan aka yi.

Ƙofar motoci ta zama ɗaya, ko kuwa ta shiga da ta fita su kasance dab da juna, ɗakin mai gadi a tsakaninsu. A ɗaga ɗakin daga ƙasa, a yi masa tagogi ta kowane gefe, kana a jera sahun motoci yadda in ya duba zai hango kowace hanya har ƙarshenta. In sahu ya gitta masa, to motocin farko kaɗai yake gadi. Manyan motoci su koma ƙurya, kada su zama labule. Filayen cikin birni kuwa ba safai suke da kusurwa huɗu daidai ba. Sau da yawa akwai wani loko da ba a hango shi daga ƙofa. Irin wannan gara a gina shago ko sito a cikinsa da a bar shi don a ƙara gurbin mota uku.

Akwai wani ƙaramin abu da ya fi duk waɗannan arha. Mun saba karɓar kuɗi a wajen shiga, domin abin da ya dame mu kuɗin ne. Ɓarawo kuwa fita ce ta dame shi. Da ƙafa yake shigowa, da mota yake fita. In an ba direba kati mai ɗauke da lambar motarsa sa'ad da ya shigo, aka kuma hana kowace mota fita sai an karɓi katin, to an rufe babbar kafar satar mota da takarda da alƙalami.

Babur ya fi kowane abin hawa saurin ɓacewa, domin ƙarti biyu sun isa su ɗaga shi. Ko da yake tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, baburan masu zaman kansu suna nan birjik. Maganinsu tsoho ne, wato turke: dogon bututun ƙarfe da aka kafe cikin kankare, wanda za a ɗaure babur a jikinsa da sarƙa, a wuri mafi kusa da idon mai gadi.

Game da haske, wasu masana biyu, Welsh da Farrington, sun tattara binciken da aka yi a Amurka da Ingila, suka ga gyaran fitilun titi yana rage laifi da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Abin mamaki shi ne, har da rana laifin yake raguwa, sa'ad da fitilun suke kashe. Fassarar da suka ba wannan ita ce, fitila tana shaida wa kowa cewa wurin yana da masu kula da shi. Amma ba yawan haske ake nema ba, daidaituwarsa ake nema. Fitila guda mai tsananin ƙarfi tana kashe wa mai gadi ido, tana kuma haifar da baƙar inuwa a bayan kowace mota. Gara ƙanana da yawa, masu farin haske wanda za a iya shaida launin mota da fuskar mutum a ƙarƙashinsa, a kuma shafe bangaye da farar ƙasa. Tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, fitila mai aiki da hasken rana ita ce ta dace da mu, da sharaɗin a sa wanda zai riƙa goge ƙurar hunturu daga kan farantanta. Itatuwa kuwa ba makawa sai da su a ƙasa mai zafi irin tamu. Darbejiya ta isa, a sare rassanta na ƙasa har sama da mita biyu, a kuma kula kada ganyenta ya haɗiye fitila. Shuke-shuken ado kada su wuce mita ɗaya.

Na san wasu suna jiran in ambaci kyamara. Waɗannan masana biyu sun duba ta ita ma. A rahotonsu na 2009 sun tarar cewa a tsakiyar birane amfaninta kaɗan ne, amma a wuraren ajiye motoci laifi ya ragu da kashi 51 cikin ɗari. Sai dai a waɗannan wurare ba ita kaɗai aka sa ba. An haɗa ta da ƙarin fitilu da ma'aikata. Kyamarar da ba mai kallonta, abin da za ta yi maka shi ne ta nuna maka gobe yadda aka sace motarka jiya.

Kada kuma mu shagala da motar mu manta da mutumin da ya fito daga cikinta. Ku ɗauki mai jinya da ta iso Asibitin Murtala na Ƙofar Mata da ƙarfe biyun dare. Tafiyarta daga mota zuwa ƙofar asibiti ita ce wurin haɗari. A yi wa masu ƙafa hanya miƙaƙƙiya, mai haske, wadda ba ta ratsa bayan gini ba. Ƙofar banɗaki ta dubi fili. A Jamus tun wajen 1990 ake ware wa mata gurabe na kusa da ƙofar fita, mu ma ba abin da zai hana mu yin haka, mu haɗa da tsofaffi da guragu. A rufe kwatoci, a sa motoci su bi hannu ɗaya, domin yaran da ke fakewa a inuwar mota da tsakar rana direba mai ja da baya ba ya ganinsu.

GIDA BIYU MAGANIN GOBARA

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu maganin ɓarawo ne. Shekarun 2012 zuwa 2015 sun koya wa Kano cewa akwai wanda ya fi ɓarawo. Bayan harin tashar Sabon Gari, an kai wani Babban Masallacin Juma'a na ƙofar fada ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda fiye da mutum 100 suka rasu. A Disamban wannan shekara kuma bama-bamai suka tashi a Kantin Kwari, ta wajen da ake ajiye motoci. Allah ya kawo sauƙin wannan fitina, amma gini yana daɗewa fiye da zaman lafiya da tashin hankali duka, saboda haka dole mai zane ya yi tanadi.

A nan ƙa'idoji biyu suke karo. Maganin sata ƙofa ɗaya ce. Maganin gobara da firgici ƙofofi da yawa. Hanyar sulhunta su ita ce a raba mota da mutum. Mota ta bi ƙofa ɗaya. Mutane kuwa a yi musu ƙofofin gudu ta gefe biyu ko uku, masu buɗewa daga ciki kaɗai, a kafa turakun kankare a gabansu yadda mutum zai wuce mota ba za ta wuce ba. A bar tazara tsakanin inda motoci suke da inda jama'a ke taruwa, ko sahun salla ne ko rumfar jiran fasinja. Wurin binciken motoci shi ma a ba shi sarari, domin dogon layin da bincike ke haifarwa taro ne, taro kuwa shi mugu ke nema. 'Yan bumburutu da jarkokinsu su yi nisa. A kuma bar hanyar motar kashe gobara a buɗe kullum. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ta isa tunatarwa ga wanda ya san yadda motoci da baburan adaidaita-sahu ke toshe bakin Kurmi da Rimi da Ƙofar Wambai a ranar ciniki. Ranar Juma'a da ranar Idi 'yan agaji sun riga sun saba tare titi da igiya da benci. Abin da ya rage shi ne a san tun da wuri filin da motocin da aka tare za su nufa.

BENE KO ƘOFA

In an ce ba fili, amsar da injiniya ke bayarwa ita ce bene. Ni dai ban ga dacewarsa a tsakiyar tsohon birni ba. Wanda ya hau hawa na uku ya leƙo, tsakar gidajen mutane zai gani, da matan da aka yi wannan gini duka domin suturta su. Ƙa'ida ta ce a bar jikin benen a buɗe don a ga abin da ke ciki, al'ada ta ce kada na ciki ya ga waje. Ana iya rage abin da tubali mai huda wanda aka karkatar da hudarsa sama ta gefen gidaje, a bar gefen titi a buɗe, amma duk da haka matakala da lokuna na bene su ne wuraren da suka fi wuyar tsaro, balle in wuta ta ɗauke.

Abin da ya fi kama hankali shi ne a koma wa dabarar Fagge. Manyan wuraren ajiya su kasance a wajen ƙofofi, irin su Nassarawa da Mata da Mazugal da Kabuga, baƙo ya bar motarsa can, ya shiga da ƙafa ko da adaidaita-sahu. Ba mu kaɗai ba ne. Tsohon birnin Fas na Maroko, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, motoci a ƙofofinsa suke tsayawa, jakuna da alfadarai da amalanke ke shigar da kaya. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a yi filin a kan badala kanta. Tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa irin wannan matsayi, abin da ya saura daga cikinta kuwa bai kai a ƙara gutsura ba. Kada kuma a cike kududdufi. Magabata sun haƙa su ne don ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina. In ka cike ɗaya ka shimfiɗa kwalta, ruwan ba ya ɓacewa, gidan maƙwabci yake komawa.

Yanzu sai ku ma'aikata. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna. Hukumar KNUPDA ke amincewa da zanen gini. KAROTA, wadda aka kafa a 2012, ke kula da titi. Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da tashoshin mota, tsohon birni kuwa ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi uku, Birni da Dala da Gwale. Ga kuma 'yan sanda, ga masu unguwanni, ga 'yan ƙungiyar direbobi. Wuri mai iyaye da yawa shi ne ya fi saurin zama maraya. In fayil ɗin sabuwar kasuwa ko asibiti ya iso teburinka, kada ka tsaya ga ƙidayar gurabe. Ka sa yatsa a kan ɗakin mai gadi a jikin zanen, ka tambayi mai zanen wace mota ce ba a hangowa daga nan. Ka kuma tambayi sunan wanda zai sauya ƙwan fitila in ya mutu. Wilson da Kelling sun yi bayani a 1982 cewa tagar da ta fashe aka bar ta tana gayyatar a fasa ta kusa da ita. A wurinmu ƙwan fitila ne, da tarin shara, da mushen motar da ta shekara a ƙurya tayoyinta a sace.

A Ingila tun 1992 'yan sanda suke duba wuraren ajiye motoci, su ba wanda ya cika sharuɗɗa alamar shaida da ake kafawa a ƙofa, ana kuma sake dubawa lokaci lokaci, wanda ya yi sake a karɓe. Irin wannan ba ya bukatar sabuwar ma'aikata. Jami'in tsara gari ɗaya, da ɗan sanda ɗaya, da mai unguwar wurin sun isa su zagaya sau ɗaya a shekara, da sharaɗin su je bayan sallar isha'i, ba da hantsi ba. Daga kuɗin katin da ake karɓa kuma a ware wani kaso sananne wanda ba zai bar filin ba, na albashin mai gadi da gyaran fitila, a rubuta shi cikin takardar hayar tun farko. A ajiye littafi a ɗakin mai gadi, duk abin da ya ɓace a rubuta ranarsa da sa'arsa da gurbin da motar take. Bayan wata shida, ɗalibin da ya karɓi littafin nan ya ɗiga wa kowace sata alama a kan zanen filin zai ga inda alamun suka taru, nan ne za a kai fitila ta gaba.